Igiyar Ajidan Mumuni

"To ai shi ya sa na ce maka ba ruwan nake tsoro ba," in ji Ajidan Mumuni, yana murza igiya a kan cinyarsa. "Ruwa ba ya gaisawa da kowa. Mutum ne ke sakin igiya don ya ba da hannu."

Da hantsi ne, muna zaune a ƙofar gidansa a Garin Jibo, wani ƙauye arewa da garin Sarkin Hausa. Yayarsa Kadijatu tana gefe tana tsaga kaba tana miƙa masa. Ta girme shi da shekara huɗu, kuma har yau ba ta bar shi ya manta ba.

"Fara wa baƙo daga farko," ta ce. "Kai kullum ta wutsiya kake kama zance."

Ya yi murmushi, ya tofa wa tafin hannunsa yawu, ya ci gaba da murza.

A nan aka haife shi, a bakin Gulbin Kaba, wanda sunan gulbi kawai gare shi, don tun da ya yi wayo bai taɓa ganin ruwa yana gudu a ciki ba. Mahaifinsu mai yasar rijiya ne. Tun Mumuni yana ɗan shekara goma, in guga ta tsinke ta faɗa, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura. Ya saba da duhu da matsi da sanyin ƙasa kafin ya saba da fartanya.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai aka ɗauke shi soja, aka kai shi Yamai. Ranar da ya fara tsayawa a bakin kogi sai ya tambayi wani Bazabarme da ke kusa da shi yaushe wannan ruwan zai gama wucewa.

"Ya dube ni ya ce, daga ina aka kamo ka?"

Bai iya iyo ba, ko kaɗan. Amma wata rana aka jera su gaban rabin ganga cike da ruwa, aka ce kowa ya tsoma kansa a ga wanda zai fi daɗewa. Sauran suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya suna tari, shi yana nan. Sai da sarjan ya kamo wuyan rigarsa ya ɗago shi. Daga nan aka ware shi. Bayan ya koyi iyo a kogi, aka aika da shi bakin teku, can Dakar, wata tara cikin sojan ruwa, a rukunin da ake turawa inda sauran ba su zuwa. Ya koyi nutso da tulun iska a baya, ya koyi bi ta ƙarƙashin jirgi yana lalube da hannu inda ido ba ya gani. Gishiri ya tsattsage masa leɓe har ya kasa cin abinci mai yaji. Su goma sha takwas suka fara, bakwai suka gama.

Da ya dawo gida aka ba shi mutane, tun yana sarjan har ya kai ajidan-shef, yana shugabantar masu nutso goma sha biyu. Daga Ayoru zuwa Gaya babu inda ba su shiga ba. Sun ciro gawa, sun ciro bindigogi, sun ɗaura wa motoci sarƙa a ƙasan ruwa an jawo su. Da sojoji suka karɓi mulki lokacin fari na farko, an ɗan cire shi daga ruwa aka sa shi rakiyar motocin hatsi, aikin da ya ce bai taɓa jin daɗinsa ba.

Na tambaye shi ko ya taɓa rasa mutum.

Ya dakata da murzar. "Ɗaya. Ƙadri."

A Gaya ne. Wata babbar mota ta zame daga jirgin fito ta nutse. Ƙadri yana ƙasa yana neman inda zai ɗaura sarƙa, wani sabon soja yana riƙe da igiyarsa a kan gaɓa. Sai ga wani babban hafsa ya iso duba aiki. Sojan ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara masa. Ruwa yana da ƙarfi a lokacin, ya fizge igiyar daga ɗaya hannun. Sai bayan kwana biyu aka ga Ƙadri.

"Ban hore shi ba," in ji Ajidan. "Abin da aka koya masa ya yi. Amma daga ranar na kafa doka a rukunina: mai riƙe da igiya ba shi da hannu, ba shi da baki, ba shi da na gaba da shi, har sai wanda ke ƙasa ya taka tudu."

Ya ajiye kaki bayan shekara ashirin da ɗaya, ya dawo Garin Jibo da niyyar noma. Damina guda ya samu. Ta biyun, ta tamanin da huɗu, ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Yunwa dai ana ta lallaɓa ta da ganye da dussa. Abin da ya fi ƙarfin gari shi ne rijiya. Guda ce tal, zurfinta gaba talatin da biyar, kuma da rani ya tsananta sai guga ta koma fitowa da laka. Gida goma sha ɗaya suka kwashe kaya suka yi kudu. Sauran suka faɗa wa mai gari Cindo cewa in wata ya mutu ba ruwa, su ma za su bi. An kira masu gina rijiya daga Mayahi. Suka zura fitila, ta mutu kafin ta kai ƙasa, suka ce iskar ciki ta ɓaci, ba mai sauka.

"Ni kuwa na ce ba inda za ni," in ji Kadijatu. "Mijina yana nan kwance a kushewa, da 'ya'yana biyu. Wa zan bar wa su?"

Ajidan ya ce zai sauka. Ya ɗaura tsohuwar tabarma a igiya, aka yi ta ɗaga ta ana saukewa cikin rijiyar har iska ta canza, fitila ta kai ƙasa tana ci. Ya zaɓi maza shida majiya ƙarfi, ya faɗa musu dokarsa, kowa ya ce ya ji.

Suna cikin zura shi, ya kusa kai ƙasa, sai ga liman ya dawo daga tafiyar kwana ashirin, ya biyo ta bakin rijiya ya yi sallama. Biyu suka miƙa hannu, ɗaya ya durƙusa. Sauran ukun igiya ta ƙone musu tafi. Ajidan ya faɗa kusan gaba biyu, kafaɗarsa ta daki bango.

"Da aka fito da kai mi ka ce musu?" na tambaya.

"Mi zan ce? Tun suna rarrafe ake dukansu in sun wuce babba ba su gaishe shi ba. Magana ta yini ɗaya ba ta goge wannan."

Kwana biyu yana jinyar kafaɗa, yana zaune a inuwa kusa da rijiya. A nan ya lura da abin da ya yi shekara arba'in yana gani bai kula ba. Mata suna jan gugar laka su tace. Suna gaisawa suna ja, suna faɗa suna ja, goyo yana kuka a baya suna ja. Mai gari da kansa ya wuce, suka gaishe shi da baki, ba wadda hannunta ya bar igiya, don kowace ta san in guga ta faɗa, ita za ta kwana da ƙishi.

Ya je wurin Cindo ya ce mata shida yake so.

"Ranka ya daɗe ya ce mini, Mumuni, so kake garuruwa su yi mana dariya? Na ce, ranka ya daɗe, in mun tashi babu garin da za a yi wa dariyar."

"Maza suka ce ba za mu iya jan ƙato ba," Kadijatu ta karɓe. "Wane ƙato? Lokacin bai kai buhun gero nauyi ba. Ƙashi ne da gemu."

Aka kafa itace, aka naɗa masa babbar igiya, mata biyar suka riƙe, wata Bafillatana mai suna Gambo ce a gaba. Shanunta sun ƙare sai saniya ɗaya, ita ma tana jiran rijiyar. Kadijatu kuwa siririyar igiya aka ba ta, wadda aka ɗaura a wuyan hannun Ajidan. Duk bayan ɗan lokaci zai fizge ta sau ɗaya. In ta ƙirga ɗari ba ta ji fizga ba, kada ta kira shi, kada ta tambayi kowa, ta ce a ja.

Kwana takwas yana sauka sau uku a yini, yana sara da guntuwar sungumi, maza suna jan ƙasar da wata guga daban. Ya ci laka, ya ci yashi, ya iske wata ƙasa mai tauri kamar dutse. Wata kuwa saura kwana huɗu ya mutu, har wasu sun fara ɗaure tukwane.

Rana ta tara, wajen azahar, yana ƙasa, aka ji kukan mota. Motar hatsin taimako ce, wadda aka yi wata biyu ana jira, da wani matashin kapiten da sojoji uku. Aka yi shela kowa ya shiga layi a ƙofar mai gari, wanda ba ya layi ba shi da rabo. Masu jan ƙasa suka ajiye guga suka ruga. Kafin a ce haka, bakin rijiya ya rage mata shida.

"Ban ga laifinsu ba," in ji Kadijatu. "Ni ma cikina kwana biyu ba abin da ya shiga sai ganyen tafasa. Gambo ta dube ni, na dube ta. Ni dai ina ƙirga."

Wani soja ya hango su ya zo da bulala. Ya ce ba su ji shela ba ne? Ba wadda ta tanka. Ya ce su wane ne da za a yi musu magana su yi shiru? Ƙirgar Kadijatu ta kai saba'in da wani abu, kuma fizgar ba ta zo ba. Sojan ya koma ya kira kapiten. Kapiten ya zo ya tsaya gabanta, ya ce, "Iya, da ke nake." Ba ta durƙusa ba, ba ta ɗaga ido ba. Da ta kai ɗari ta buɗe baki ta ce, "Ku ja."

Gaba talatin da bakwai suka ja, su shida, don ita ma ta kama. Kapiten yana tsaye yana kallo. Da suka kai rabi, ƙafar wata ta zame, sai ya miƙa wa sojan hularsa ya kama wutsiyar igiyar.

Ajidan bai san da wannan ba. Abin da ya tuna shi ne guntuwar sungumin ta fasa ƙasar mai tauri, ruwa ya huda ya taso da sanyi, tare da shi kuma wata iska mai wari ta fito. Ya ce bari ya ƙara sara ɗaya ya buɗa ramin. Daga nan sai ya farka a kan yashi, Gambo tana masa fifita da faifai, wandonsa jiƙe har ƙugu.

"Kapiten ya tambaye ni wa ya ba ni izinin sauka. Na ce, mon kapiten, ajidan-shef Mumuni, mai nutso, na ajiye kaki. Ka yi haƙuri ba zan iya sara maka ba, hannun ba ya ɗaguwa. Ya leƙa rijiya ya daɗe, ya karɓi hularsa ya tahi."

"Hatsin fa?"

"Ya ƙare tun muna ja," in ji Kadijatu. "Ko tsaba ba mu samu ba. Da la'asar mai gari ya ɗauki ƙwarya da hannunsa ya bi gida gida, kowa ya zuba ɗan abin da ya iya. Wasu suka zuba, wasu suka ce ba su nan."

Washegari ruwa ya kai gaba ɗaya da rabi. Aka kwance tukwane. Cikin gida goma sha ɗaya da suka tafi, bakwai sun dawo da damina, sauran har yau ba labari. Saniyar Gambo ta rayu. Shekara uku ke nan, kuma tun daga lokacin garuruwa suke aiko masa, ya sauka rijiya goma sha huɗu.

Ya kai ƙarshen igiyar, ya ɗaure bakinta. Ya taka ta da ƙafa ya ja da ƙarfi, sannan ya bi ta taƙi taƙi da yatsa yana duba inda ta yi rauni. Amalanke tana jiransa a bakin hanya tun safe, daga wani ƙauye kusa da Hawandawaki inda guga ta fara fitowa da laka.

"Ka aika musu su tanadi matan?" Kadijatu ta tambaya.

"Na aika, Yaya. Sun ce suna da samari."

"To sai sun sake ka ka faɗi tukuna su gane."

Ya yi dariya, ya naɗe igiyar, ya ɗaga zai rataya a kafaɗar dama, ya tuna, ya mayar hagu. Ya ɗauki guntuwar sungumi da fitila, ya ce mini in gaida mutanen garinmu Tasawa, ya bi ta cikin yashi zuwa wurin amalanken.