Kwano Uku a Ƙofar Iya Lanti

Shekara shida ke nan, a wannan wata na Rajab, da muka raka kakata Iya Lanti makwancinta a Daura. Ba wanda ya san shekarunta daidai. In an tambaye ta takan ce ta goyi ɗan jikarta, wannan lissafin ya ishe ta.

'Ya'yanta maza uku ne, kowa da gidansa a unguwa ɗaya. Kamar yadda aka saba a wajenmu, kowane gida yakan aika mata da kwano rana da dare. Babbansu, Baffa Sale, fataucin dabbobi ne sana'arsa, don haka kwanonsa ba ya rasa tsoka. Ana ajiyewa a bakin ƙofa, a gaishe ta a juya, domin ba tarbiyya ba ce a tsaya a kan babba yana cin abinci. In an jima kwanuka su koma a wanke. Kowace suruka ta buɗe nata ta ce alhamdu lillahi, Iya ta ci.

Iya kuwa tana ta ramewa, amma ba wanda ya tsorata. Tana da ƙanwa a Zango wadda jiki ya yi wa nauyi, ga ciwon suga ga ciwon gwiwa, ko tsakar gida ba ta fita sai an riƙe ta. Sai ake kwatanta su, ana cewa Iya Lanti ta dace, irin tsufan da ake roƙo ke nan. Ga shi ba ta barin azumin Litinin da Alhamis, sai ramar ta zama kamar adon ibada a idonmu.

Wata damina zazzaɓi ya ratsa gidajenmu. Kowa ya kwanta ya tashi, ban da ita. Zazzaɓin ya sauka, ƙarfi bai dawo ba, har ta koma yin salla a zaune. Wannan ne kaɗai abin da na taɓa ganin ya sa ta hawaye. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta kama damtsenta ta ce wa Baffa, ba a so tsohuwa ta yi ƙiba, amma ba a so ta bushe. 'Yar tsokar jikinta ita ce rumbunta, ranar ciwo daga nan jiki yake ɗiba. Ta tambayi abin da take ci. Baffa ya ce kwano uku, rana da dare. Iyakar abin da ya sani ya faɗa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin ina hutun jami'a, nakan shiga ɗakinta da littafina saboda nan ne babu hayaniya. Ango take kira na, irin wasan kaka da jika. Wata rana na ga ta buɗe kwanon Baffa, gasasshen naman rago ne, ta yi wa Baffa addu'a, ta leƙa ta katanga ta miƙa wa maƙwabciyarta mai jego. Tuwon ma ɗan gefe ta gutsura.

Na ce, "Iya, ke fa?"

Ta ce, "Da wane haƙorin, Ango? Huɗu suka rage, biyu sama biyu ƙasa, kuma ba sa gaisawa."

Na ce me ya hana ta faɗa.

Ta ce, "In ce wa Sale abin da ya zaɓo mini ya fi ƙarfina? Ko in sa a ce matar wani ba ta iya girki ba? Bar shi. Kuma tun da kakanka ya tafi, abincin mutum ɗaya ba ya wuce mini maƙogwaro."

Suruka ba ta cin abinci da uwar miji, ɗa ma da kunya tsakaninsa da uwa. Jika ne kawai al'ada ta buɗe wa wannan ƙofar. Na gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta san yadda ta bi da sauran matan ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Kwanuka suka sake kama: fura da nono mai laushi, kunun gyaɗa, faten wake, alala, naman ma a dafa shi ya yi luguf a daka. Mu jikoki muka riƙa zama da ita, hannu biyu a kwano ɗaya. Tana tsokanata wai ango mai rowa ne, yana cinye wa amarya, tana kai loma ba ta sani ba. Limamin unguwa ya zo ya tuna mata cewa jiki ma yana da haƙƙi a kan mai shi. Ta yi ta ciniki da shi har aka bar mata azumin Alhamis.

Ba ƙiba ta yi ba. Kumatunta ne suka ɗan ciko, ta koma ɗaukar butarta da kanta. Kafin in koma makaranta ta yi sallar Magariba a tsaye, hannu ɗaya a jikin bango. Daga baya ta saki bangon. Ta ƙara shekara uku, kuma sai a makonta na ƙarshe ta sake salla a zaune.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. A waya ana tallar shayin rage ƙiba, a gefensa ana tallar ƙwayar ƙara ƙiba, 'yan matan gidanmu suna rarraba kansu tsakanin biyun. Ina jin dariya za ta yi ta ce masu haƙori ne suke wasa da abinci. Ban taɓa ganin tallar da ta damu da damtsen tsohuwa ba. Kwanon ma yanzu ya zama kular abinci, ɗan acaba ne yake kaiwa, har gaisuwar bakin ƙofar ta fara ɓacewa. Abinci ya fi na da yawa a wasu gidajen, masu zama ne suka ragu.

Iya ba ta bar gona ko shanu ba. Abin da ya rage nata a cikinmu ɗan ƙarami ne: a zuriyarmu, jikan da ya kai wa tsohuwa kwano yakan cire takalmi ya zauna, ya ga abin da ta iya taunawa da abin da ta ture gefe. Ban san ko 'ya'yanmu za su riƙe ba.

Yanzu Inna Hajara, matar Baffa Sale, ita ce tsohuwar gidan. Ranar Juma'ar da ta wuce na tarar ƙaramar jikarta ta ajiye mata abinci tana shirin fita. Inna ta ce, "Ina za ki? Wanko hannunki. Ni ba zan yi kawaicin da Iya ta yi mana ba."

Allah Ya jiƙan Iya Lanti, Ya sa tsayuwar da ta yi a gabanSa ta zame mata haske a kabari.