Kawu Barkono da Baƙonsa Alhaji Fushi

Ku da kuka san Kawu Barkono kun san yadda yake yi idan aka taɓo shi. Sai ya tsaya cak, ya kama gemu, ya dubi ƙirjinsa ya ce, "Marhaba, Alhaji Fushi! Ka iso? Zauna a kawo maka shayi." Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka taɓin hankali ne. Mu da muka san shi tun yana jifan mutane da takalmi, mun san sauƙi ne ya samu.

Sunansa na yanka Haruna, ƙanin mahaifiyata, haifaffen Jidda kamar mu. Barkono kuwa abokan aikinsa na tashar jiragen ruwa ne suka laƙaba masa, kuma ba su zalunce shi ba. Zafin nan ne ya raba shi da ɗansa tilo, Faisal. Kawu ya yi ta kamun ƙafa har ya samo masa aiki a tashar, yaron ya ce shi girki yake so. A gaban jama'a, wurin wani ɗaurin aure, Kawu ya ce masa, "Je ka auri tukunya, kar in sake ganin ka!" Faisal ya buɗe ɗan shagon shinkafar bukhari a unguwar Ruwais, Kawu yana unguwar Khumra. Gari ɗaya, shekaru suna ta wucewa, ko sallama babu. Abin yana cin sa, amma ya rantse ba zai je ba sai ranar da ya tabbata ba zai ɗaga murya ba.

A tashar ya haɗu da wani direban motar ɗaga kaya, mutumin Nepal, mai suna Fasan. Kawu ya taɓa zazzaga masa ruwan masifa da Larabci da Hausa, mutumin ya saurara har ƙarshe sannan ya miƙa masa ruwan sanyi. Abin ya tsaya wa Kawu a rai, ya matsa masa da tambaya. Fasan ya ce su a gida akwai wata hanya da suke bi wadda ake kira Tantara. A wajensu, in ji shi, kuɓuta ba gudun duniya ba ce, ba kuma sai an mutu ba. Fushi da kwaɗayi dafi ne, amma ba a binne su, ana zama da su ido da ido har dafin ya koma magani. Ci gaban mutum kuma ba a gane shi da mafarkai, sai da yadda abin da ke ɗaure shi yake sassautawa.

Kawu ya ce, "Kai da addininka, ni da nawa, ba ciniki a nan. Amma maganar dafin nan na saya. Malamanmu ma sun ce yaƙi da zuciya shi ne babban yaƙi."

Ni dillalin tsofaffin mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki. Ban san falsafa ba. Abin da na sani, in kaya yana aiki, ba na tambayar ƙasar da aka ƙera shi. Sai na zuba ido in ga ko wannan zai yi aiki.

Da Kawu ya bar aiki sai ya tare a shagona. Ya ce, "Sabo, duk mai sayen da ya fi ƙarfinka, turo mini shi. Atisaye nake." Ran nan wani bawan Allah ya dawo da mukayyif lafiyayye, wai ƙararsa ta hana tattabarunsa kwanci. Na nuna masa Kawu. Mutumin ya fara bayani tun daga kakan tattabarun. Kawu yana zaune ƙarƙashin sanyi amma gumi ke tsatso masa. Ya yi wa Alhaji Fushi marhaba, ya sake yi, can ya dubi ƙirjinsa ya ce, "Yau har da iyalinka ka zo?" Wallahi har mota ya raka mutumin yana cewa, "Ma'alesh, a yi haƙuri, a gai da tattabaru." Yana dawowa ya zaga bayan shago ya harbi wani mataccen inji da ƙafa. Kwana da kwanaki yana ɗingishi.

Na ce, "Kawu, wannan ne ci gaban?"

Ya ce, "Sosai ma! Da can mutumin zan harba."

Bayan wani lokaci mai tsawo ba wanda ya ji ihunsa, sai ya tara mu ya ce ya kuɓuta, halas, magana ta ƙare, zai yi walima. Aka yanka ɗan akuya, aka dafa shinkafar kabsa. Ya miƙe yana yi mana jawabi a kan zuciyar da ta zama kamar teku bayan iska ta kwanta. Yana cikin jawabin, maƙwabcinsa Usman Sudani ya miƙa hannu ya ɗauke hantar da Kawu ya ɓoye ƙarƙashin shinkafa ta ɓangarensa. Kai! Teku ta tashi! Sai da masu shagunan layin suka leƙo.

Washegari Kawu ya kai ƙara wurin Fasan. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wanda ya yi wa kuɓutarsa walima, sabuwar igiya ya saya.

Kawu ya ce, "Na ji. Amma fa hantar tawa ce!"

Da Fasan zai koma ƙasarsu gaba ɗaya, lokacin ciwon zuciya ya fara taɓa Kawu, muka je yi masa sallama. Fasan ya tambayi Kawu ko ya je wurin ɗansa. Kawu ya ce bai gama shiri ba. Fasan ya ce, "Haruna, kana jiran ka iya iyo kafin ka taɓa ruwa." Ni ma na sa baki, don gaskiya ɗaya ce. Na ce, "Kawu, tsohon kaya ba ya komawa sabo don an ajiye shi. Ka je yadda kake." Ya harare ni, sannan ya ce, "Yalla, tada mota."

Muka isa Ruwais bayan azahar. Ya shiga ya zauna kamar kowane mai saye. Faisal ya gan shi, ya zubo shinkafa da kaza ya kawo da kansa. Ni ina ta addu'a a zuci. Kawu ya kai loma, ya tauna, fuska ta fara sauyawa. Sai ya buga tebur.

"Don wannan ka bar aikin tasha? Ina yaji? Shinkafar marasa lafiya kake sayar wa mutane?"

Shago ya yi tsit. Na ce shi ke nan, mun yi asara. Faisal ya tsaya yana kallon sa, sai hawaye, sai dariya. Da Hausarsa wadda Larabci ya cinye rabinta ya ce, "Abuya, babana, wallahi na yi kewar ihun nan." Ya ruga ciki ya kawo yaji.

Kawu ya buɗe baki zai ƙara, sai ya fasa. Ya kamo hannun yaron ya zaunar da shi kusa da shi. Faranti biyu ya cinye, yana ci yana kushewa.

A mota ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya ce, "Sabo, Alhaji Fushi ya zo fa, da ƙarfinsa ya zo. Amma na neme shi kafin in haɗiye lomar, ban same shi ba. Ashe ba hana shi zuwa ake yi ba. Riƙo ne ba ya samu."

Daga ranar kusan kullum yana Ruwais, yana zaune bakin ƙofa yana gaya wa masu saye cewa girkin ɗansa da saura. A hannun Faisal ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Haruna, ya yafe masa zafinsa saboda yaƙin da ya yi da shi. Ya sanyaya makwancinsa, ya sassauta mana abin da ke ɗaure mu tun muna da sauran numfashi. Amin.