Bokitin Ƙasar Gonarmu Zuwa Minjibir

Ungogo

Ana sallame sallar asuba na sungumi bokitina na fito. Ƙasa ce a ciki, baƙa wuluk, daga gonarmu da tankar man gas ta kife a bakinta bara. Mun kwaso marmara mun binne wurin, mun daddaɓe, amma ko ciyawa ta ƙi fitowa. Baba ya gaji, ya ce ranar Juma'a zai sayar wa masu yanka filaye, gonar da ya gada wurin mahaifinsa. Ni kuwa akwai taurin kai. Na ji labarin wata Malama Hadiza, masaniyar ƙasa, da ke farfaɗo da irin wannan gona a wani ƙauye gaba da Minjibir, na roƙe shi ya bari in gano.

Adaidaita ta kai ni tasha, na shiga bas. A shingen hanya ɗan sanda ya leƙa bokitin.

"Malam, ƙasa ta ƙare a Minjibir ne?"

"Ranka ya daɗe, asibiti zan kai ta."

Har direba sai da ya dara.

Minjibir

Na karya da koko da ƙosai, ɗan acaba ya ratsa da ni cikin gero da dawa har gonar. Nan na tsaya baki buɗe. Gefe ɗaya baƙi ne mai wari, sak namu. Ɗaya gefen kuwa gyaɗa ce kore shar, alhali mai ɗaya ne ya malale su.

Malama ta shinshina ƙasata, ta ce, "Binnewa kuka yi, ko?"

Na amsa a kunyace.

"Ai kun toshe musu numfashi. Akwai ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasar nan da man ne abincinsu. Iska suke so, da danshi, da taki. Ku ɓare marmarar, ku zuba kashin shanu, ku riƙa juyawa. Sai dai fa da haƙuri, ba aikin damina ɗaya ba ne."

Ta ɗiga ruwan ƙasata a gilashi, ta sa a na'urar ƙara girma, na kafa ido. Subhanallahi! Ga su nan birjik suna motsi. Ƙasar da muka yi wa ta'aziyya ashe da ranta. Har na ji ƙwalla.

Gida

Bayan la'asar na iso, da ƙullin ƙasar gefen da ya warke. Na ba Baba labarin ƙwayoyin da na gani, na miƙa masa ƙullin. Baba ya kwance, ya murza, ya kai hanci. Sai ga tana ta miƙe a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Ka ce namu ma suna nan da rai?"

"Da idona na gan su, Baba."

"To, je ka gaya wa dillalin filayen na fasa. Ka biyo min da diga."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malama Hadiza. Juma'ar nan marmara muka wuni ɓarewa.