Kaset Ɗin Da Yake Jirana

Ranar Juma'ar da aka buɗe wasannin Olamfik na 2008, Baba ya dawo daga masallaci da wani ɗan kwali mai ƙyalli a hammata, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ina zaune a ƙasan ɗakinmu na unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou, ina 'yar carafke da maɓallan wandon jins da yake tsinto mini a Xintang, garin masu ɗinkin jins. Umma tana ɓare tafarnuwa a gaban fanka. Ya ajiye kwalin a kan talabijin, ya ce faifan koyon Rashanci ne, sabon bugu, har kasuwar Tianhe ya je ya samo shi. Umma ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Yau dai za mu huta da kaset ɗin da ya riga ni shiga ɗakinka."

Shekarata tara a lokacin, kuma ina da in'ina mai tsanani. Tun a Kano nake da ita, amma da muka zo Guangzhou sai ta ƙaru, har na daina magana sai da kai da hannu. Ba a sa ni makaranta ba. Aikina shanya kaya a jikin gorar da ke bayan taga, da wanke kofuna, da miƙa wa Hajiya 'yar Maraɗi, maƙwabciyarmu mai dafa wa fatake tuwon shinkafa, duk abin da ta aiko aro. In na sauka sayen ƙwai, nuni nake yi. In matar shagon ta ce "meyo", wato babu, na juyo a guje, ina jin daɗin ba sai na buɗe baki ba.

Tsohon kaset ɗin kuwa, tun Baba yana saurayi yana leburanci a kamfanin ƙarafa na Ajakuta wani injiniya ɗan Rasha ya bar masa shi. Kwalinsa ya yi ja, an ɗaure shi da roba. Namiji zai faɗi magana da Turanci, wata mata ta maimaita da Rashanci, muryarta tana ɗan rawa saboda zaren ya tsufa, sannan a yi shiru. Shiru mai tsawo, sai sautin shuuu kamar ana yayyafi a kan kwano. Ni na raɗa mata Gwaggon Kaset a zuciyata. Kullum in Baba ya dawo daga Xintang, kafin a kira isha, sai ya kunna, ni kuma na riƙe biro don naɗe zare in ya warware. Wata rana, cikin wannan shirun, ban san lokacin da bakina ya kwaikwayi Gwaggo ba. Na sarƙe a farko, na ja, na ja, kalmar ta fito, kuma har lokacin Gwaggo ba ta ci gaba ba. Baba bai ko waigo ba. Ya dai miƙa yatsa ya mayar da zaren baya, ya ce, "Uwata, ban ji da kyau ba, bari mu sake." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Shekarar Olamfik ɗin biza ta yi wuya. Fataken Kano da Baba yake yi wa jagora zuwa shagunan jins suka daina zuwa, ɗakunan hayar unguwarmu suka yi fayau. Sai wani laoban, wato maigidan wani shagon ɗinkin jins da suka saba, ya ce akwai wata 'yar kasuwa daga Rasha da za ta zo bayan wasanni, in Baba zai iya tsaya musu a tsakani, aikin nasa ne. Zamanmu a garin gaba ɗaya a kan wannan aikin ya rataya.

Da yammacin Juma'ar nan, kafin a fara bikin buɗe wasannin a talabijin, aka sa sabon faifan a na'urar bidiyo. Gaskiya ya fi kyau nesa ba kusa ba. Murya garau, ga ɗan kiɗa, ga samari da 'yan mata suna ciniki: dozin nawa, wace lamba, rage mini, yaushe kaya za su tashi. Gwaggo kuwa ba abin da ta sani sai ina tashar jirgin ƙasa, ni ma'aikaci ne, ƙanwata tana son furanni. Sai dai sabon ba ya jira. Kafin ka haɗiye yawu an wuce. Na buɗe baki zan faɗi kalmar farko, harshena ya maƙale a ganda, suka yi gaba, suka sake yin gaba, har da dariyarsu ta cikin faifai. Na tashi na shige bayan labulen da ya raba ɗakin, na zauna a kan buhun shinkafa.

Kwana biyu ana sa faifan ban fito ba. A na uku na ji ƙarar murfin tsohuwar rikoda. Umma ta ce, "Haba Malam! Matar nan furanni za ta saya ko wando?" Ya ce, "Zan ji sabon daga baya." Babu wani daga baya. Faifan sai a talabijin yake ci, shi kuma da asuba yake fita, in ya yi isha ko zama ba ya iya yi don gajiya. Ɗan lokacin nan guda ɗaya gare shi, ya ba Gwaggo, wato ya ba ni.

Ranar da ya je Xintang ganawa da matar Rashan, har turare ya fesa. Da ya dawo, shi da kansa ya ba mu labari yana dariya. Wai ya gaishe ta gaisuwa mai kyau, ta tafa hannu ta ce yana magana kamar rediyon kakanta. Da aka zo kan lamba da farashi da ranar lodi, sai ya tsaya yana kallon bakinta. Laoban ya kira wani ɗalibi a waya, aka sallami Baba da kwalbar ruwa. Umma ba ta yi dariya ba. Ni kuwa a makon nan na faɗi "sunana Hafsatu, ina zaune a birni" da Rashanci ba tare da na sarƙe ba, daga baya Hausar ma ta fara sakin harshena. Kafin sanyi ya shigo mun tattara mun koma Kano. Baba bai sake fita waje ba, tsaron shagon ƙaninsa yake yi a Kwari har yau. Bai taɓa cewa saboda ni ne ba. Da ma ya faɗa, wataƙila da abin ya fi mini sauƙi.

Yanzu ɗana Sadik yana shekara uku, kuma ya ɗauko harshena. In ya fara "ru... ru...", sai na tuna matar shagon ƙwai, na yi maza na ce, "Ruwa? Ungo." Na cika masa waya da wasannin koyon magana masu kiɗa da tafi, ina ganin gata nake yi masa. Ran nan muka je gida, ya tsaya a gaban Baba yana ja, yana ja, na buɗe baki zan ƙarasa masa. Baba ya ɗaga mini yatsa, wannan dai yatsan da yake mayar da zare, ya ce, "Uwata, ina za ki ne?" Kunya ta rufe ni. Muka zauna mu uku, ba abin da ake ji sai fanka. Can Sadik ya ce, "Kaka, rago ya gudu."

Rashancin duk ya zube mini, sai kalma biyu ko uku. Shirun nan ne aka ba ni, shi ne kuma na kasa ba ɗana.