Baba Mai Allura da Lasifikar Jirgin Fito

Kowace safiya, kafin jirgin fito na farko ya tashi, za ka ga wani dattijo a bakin tashar ruwa yana zazzage aljihunsa. Makullai, waya, agogon hannu, duk yakan zuba su a kwanon roba ya bar wa mai gadi. Sannan ya hau jirgi, ya shige ɗakin tuƙi, ya sunkuya a kan kamfas, wato ƴar na'urar nan mai allura da ke nuna wa matuƙi arewa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Mai Allura. Matarsa kan ce ita dai ta auri tela wanda bai taɓa ɗinka mata ko ɗankwali ba.

Idan matuƙa suka tsokane shi, yakan zaunar da su ya yi musu bayani. Duniyar nan kanta ƙaton maganaɗisu ce, in ji shi, domin a can cikinta akwai narkakken ƙarfe da ke juyawa, ƙarfinsa ne ke riƙe allurar ta fuskanci arewa. Sai dai riƙon ba mai tsanani ba ne. Duk wani ƙarfe ko maganaɗisu da ya matso kusa zai iya janye ta, ta ci gaba da nuna hanya da cikakkiyar natsuwa alhali ƙarya take yi. Wannan ne abin da ke hana shi sukuni.

Daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu. Ran na uku ya lallaɓo tasha da hantsi, ya tarar babban jirgin ya tashi da mutum tamanin da wani abu. Tsallakawar awa uku ce, kuma kudu da hanyar akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Hadari ya riga ya haɗo, ruwa ya tsuge har ba ka ganin ƙarshen gadar tashar. Yana fakewa a rumfa sai mai gyaran lantarki ya shiga yi masa hira, yana alfahari da sabuwar lasifikar da ya ɗaura jiya a ɗakin tuƙi don sanarwa. Baba ya tambaye shi a ina ya kafa ta. Ya ce jikin katakon nan, dab da kamfas.

Baba ya zabura. Ya san a cikin kowace lasifika akwai maganaɗisu, ya kuma san na'urar tauraron ɗan'adam ta jirgin tana wurin gyara tun makon jiya. A cikin wannan ruwa matuƙin ba shi da ido sai allurar.

Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin yana gudu ba sai ranar. Ya faɗa ofis jiƙe sharkaf, ya karɓi oba-oba, wato rediyon da ake magana da jirgi, daga hannun akawu. Ya kira sau uku, ba abin da ke fitowa sai ƙara. Dangin fasinjoji da ke fake suka fara taruwa a bakin taga. A kira na biyar muryar matuƙin ta fito, yana cewa lafiya lau, gabas suka nufa sak.

"Ɗana, rage wuta yanzu," in ji Baba. "Ka sa a kwance lasifikar nan a kai ta can bayan jirgi. Kai kuma kada ka ɗauke ido daga allura."

Matuƙin ya so ya yi gardama, sai dai ya fasa. Ya sa aka shiga kwance lasifikar. Baba na tsaye, hannunsa ɗaya dafe da tebur, leɓɓansa na motsi da addu'a. Can sai oba-oba ta yi ƙara.

"Baba, ta juya. Ta juya sosai. Ashe kudu muke ta gangarawa."

Baba ya sa shi ya karanto masa lambobin, ya lissafa a bayan wata takarda, ya faɗa masa inda zai karkata. Bai zauna ba sai bayan awa biyu, da aka sanar sun isa tsallake. A nan ne akawu ya turo masa kujera. Sai a lokacin ya faɗa, a hankali, cewa ƴarsa ta fari da goyonta suna cikin jirgin.

Baba, kai ne wanda fasinja ba ya sanin ya yi masa aiki. Kai ne mai hana kanka sakewa domin wasu su yi gyangyaɗi a kan benci har su tsallake. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki saboda idanu sun raunana, kuma na san abin da ke damunka, har yau ba wanda ya zauna ya koya, kowa na cewa zamanin kamfas ya wuce.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma matuƙa da masu gyara na wannan tasha, saura kwana goma sha tara. Yana nan kowace safiya, kuma bai taɓa korar mai tambaya ba.