Lyle Haugen da Karen Yayansa

Lyle Haugen bai iya zama ba, ko yana yaro. Shekara talatin ya yi yana jan tankar madara a arewacin Wisconsin, daga wannan gona zuwa waccan, har gwiwarsa ta dama ta ƙi, likita ya ajiye shi a gida. Mutumin da ya saba da titi aka ce ya zauna! Ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, wanda bai lalace ba ma ya kwance ya sake ɗaurawa. Da matarsa Darlene ta ga zai haukata ta, sai ta sayo masa babbar waya. Har yau tana cewa ita ta jawo wa kanta.

A cikin bindiga Lyle ya tashi. Yana ɗan shekara goma sha biyu babansu ya miƙa masa ta farko, yayansa Vernon ya koya masa riƙo, da ranƙwashi duk lokacin da bakinta ya kalli mutum. Kowace Nuwamba, ran da aka buɗe farautar barewa, su biyun suna dawa cikin riguna masu ruwan lemo, su dawo Darlene ta yi ta mitar jinin da suka ɗiga mata a gareji. To da ya faɗa wani zauren Fesbuk inda ake ta da jijiyar wuya a kan dokar bindiga, sai ya ji kamar an ɗauke shi sabon aiki.

Abokiyar karawarsa a can wata nas ce daga Milwaukee, Corinne. Bai taɓa ganin fuskarta ba, hoton tukunyar fure ta sa. Ita so take a tsaurara bincike kafin a sayar wa kowa bindiga, a kuma ba kotu ikon karɓe ta mutumin da ake tsoron zai yi ɓarna. Shi kuwa da ya ga sunanta sai yatsunsa su fara ƙaiƙayi.

"'Yar birni, ke da ba ki san gaban bindiga da bayanta ba, za ki koya mana?"

"Kaboyi, ka dai sha maganin hawan jininka yau ko?"

Haka suke, kusan shekara biyu. A kan tebur yana rubutu, kifin Juma'a na hucewa a gabansa. A coci ma ya ɓoye wayar a bayan littafin waƙoƙi, sai Darlene ta zungure shi. Akwai maganar da yake maimaitawa har 'yan zauren suka haddace: ba mahalukin da zai shiga gidan mutum ya karɓe masa bindiga, ko gwamnati, ko ɗan'uwa, ko uban kowa.

Vernon kuwa matarsa Joyce ta rasu da hunturu. Da bazara ya sayar da shanun, don ba wanda zai taya shi tatsa. Ya daina zuwa gidan Lyle cin kifin Juma'a, ya daina ɗaga waya. Lyle yakan ce, "Ku ƙyale shi, namiji ne, zai ware."

Sai ga Vernon wata Laraba da hantsi, ya yi aski, ya zo da karensa Tuck, har da kwanon abincinsa da bargonsa.

"Riƙe shi, Auta. Ya fi son gida mai hayaniya, naka kuwa kai kaɗai ka isa."

Yana dariya, wallahi, dariyar da ba a ji ba tun jana'iza. Lyle ya ji daɗi har cikin ransa. Vernon na juya mota ya ɗauki hoton karen ya watsa a zauren: "Yayana ya ba ni karen farautar da babu kamarsa a gundumar nan, kyauta. Ga halin masu bindigar da kuke kira mugaye. 'Yar birni, sai ki ce me?"

Ba ta tanka a zauren ba. Ta gefe ta aiko masa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Lyle, me ya sa ya ba ka karen? Tashi zai yi daga gidan?"

"Ina ruwanki?"

"Me kuma ya bayar kwanan nan?"

Ya ɗaga yatsa zai zazzaga mata rashin mutunci, sai yatsan ya tsaya. Kwalekwalen kamun kifi, Vernon ya ba ɗan yayarsu. Injin yankan itace, ya ba maƙwabci. Lyle bai rubuta ko ɗaya ba, amma shirun nasa ya ishe ta amsa.

"Mijina ma karensa ya bayar," ta rubuta. "A wancan makon ya fi kowane mako fara'a, har na ce ya warke. Bindigar tana cikin kabad. Ban ce doka ba, ban ce 'yan sanda ba. Kai nake gaya wa. Tashi ka je ka karɓo bindigoginsa."

Lyle ya kifa wayar. Ya fita gareji, ya dawo. Ya zuba kofi, bai sha ba. Haushi ne ya fara kama shi: wato makirci ne, so take ta sa shi ya ci amanar maganarsa da hannunsa, gobe ta yi masa dariya a gaban jama'a. Sannan tsoro ya zo ya danne haushin. Tuck ya ƙi kallon kwanonsa, ya je bakin ƙofa ya kwanta yana ƙugi.

"Kai, za ka huda min daɓe da sintirin nan," in ji Darlene. "Lafiya?"

Ya miƙa mata wayar. Ta karanta, ta ciro makullin akori-kurarsa ta danƙa masa a hannu.

Ya sa Tuck a mota ya kama hanya. Ya tarar da Vernon yana share rumfar shanu, rumfar da ko saniya ɗaya babu a ciki, ya share ta tas.

"Vern, farauta ta matso. Kawo bindigogin in sa musu mai."

Vernon ya jingina da tsintsiyar. "Kai za ka sa wa bindigata mai? Wa ya koya maka?"

"Ka dai kawo."

"Ba kai ne kake gaya wa duniya ko ɗan'uwa bai isa ba? Ina karantawa fa, Auta. Joyce ce ta buɗe min Fesbuk ɗin."

Kunya ta kama Lyle. Duk surutun shekara biyu, a nan kalma ɗaya ta gagare shi. Da ƙyar ya tattaro ta, ya faɗe ta yadda take.

"Kana shirin kashe kanka ne?"

Vernon ya daɗe yana kallon inda shanun suke tsayawa da. Can ya cire makulli daga wuyansa ya miƙa.

Suka kwaso bindigogin tare daga akwatin ƙarfe, suka naɗe cikin barguna, suka jera a bayan mota. Lyle ya san bindigogin gidan nan kamar yatsunsa. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ƙaramar bindigar Baba fa?"

Vernon ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa ya ciro ta. Da Lyle ya karɓa, sai ya ji ƙarfen da ɗumi, ɗumin jikin yayansa. Da harsashi a ciki. Ya zare shi.

Ya buɗe ƙofar mota, Tuck ya yi tsalle ya nufi ubangidansa.

"Karenka ya ƙi cin abincina, riƙe abinka. Ku shiga mu tafi, Darlene ta gyara ɗaki. Gobe ni zan kai ka wurin likita, kuma ba shawara nake nema ba."

Vernon ya shiga, karen a cinyarsa, ya kifa fuska a wuyan dabbar.

Kafin ya ta da mota Lyle ya ciro wayar. Har yanzu bai yarda da dokarta ba, ya kuma san jibi ma za su kara. Ya rubuta: "Suna wurina. Shi ma yana wurina."

Amsar ba ta jima ba.

"Kada ka bar shi shi kaɗai. Ni ba wanda ya gaya min."