Kwana Uku a Kan Sirdi

Shekarar da aka aiko mana Gozaki cewa mahaifiyata tana kwance a Birnin Katsina ba ta ko iya tashi, ina da 'ya'ya uku. A kan jaki tafiyar mako ce, wanda ya kawo saƙon kuwa ya ce da wuya ta kai mako.

Mijina yana cikin mahayan da ke kai saƙo garuruwa masu nisa, amma a lokacin yana jinyar karaya. Ya ce in hau dokinsa in bi abokan aikinsa, su biyar, har da ƙanensa, za su Katsina washegari. Kwana uku suke yi. Ni dai na iya zaman sirdi, don ni ke kai dokin rafi, sai dai zuwa rafi ba tafiya ba ce.

Babbansu wani dattijo ne mai furfura, kowa Baba yake ce masa. Tun kafin mu fita ya gaya mini dokarsu: in an sauka zango, a fara duba dawaki, sannan kowa ya faɗi inda ke masa ciwo, na kusa da shi ya shafa masa man kaɗanya. Wanda ya ɓoye ciwo, a gari na gaba ake barinsa, don shi ke faɗuwa a tsakiyar daji ya tsayar da kowa.

Ranar farko da la'asar muka sauka. Baba ya ce kwankwasonsa, wani ya ce gwiwa, ƙanen mijina ya ce wuyansa ya sandare kamar taɓarya. Suna murza juna suna tsiya, wannan ya ce hannun wancan kamar na maƙeri. Da aka zo kaina na ce lafiya lau. Cinyoyina kuwa duk sun saɓule, wuta kawai suke. To, yaya mace za ta faɗi wannan gaban maza biyar?

Kashegari da azahar Baba ya zo ɗaure wa dokina majayin sirdi, ya ga jini a jikin sirdi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce gari yana gabanmu kaɗan, akwai gidan da zai damƙa ni a hannunsu, su wuce. Na roƙe shi, na tuna masa da tsohuwata.

"'Yata, ba ni na yi dokar ba, na tarar da ita," in ji shi. "Ki faɗa, ko ki sauka."

Na dubi ƙasa. Kunya ta kusa kashe ni, amma na buɗe baki. "Baba, cinyoyina ne. Tun jiya."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya karkata da mu zuwa wata ruga, matan Fulani suka shigar da ni bukka, suka wanke wurin da ruwan bagaruwa, suka shafa man shanu. Da na fito na tarar kowannensu ya yagi rawaninsa, sun naɗe mini sirdi ya yi laushi. Sai a nan ƙanen mijina ya samu baki.

"Matar yaya, ashe ke ma fata gare ki? Na zaci ƙirgi ce."

Na ce ya bari wuyansa ya juya tukuna, sannan ya dube ni ya faɗa. Har Baba sai da ya dara.

A zangon ranar ni na fara faɗin nawa, kafin dattijon ma, ba su kuma hana ni ba.

Rana ta uku da hantsi muka shiga birni. Sai da aka sauko da ni, ƙafafuna sun ƙi miƙewa, da rarrafe na shiga ɗakin da mahaifiyata take kwance. Tsohuwa ta buɗe ido, ta shanshana zanena, ta tambaya wa ya shigo mata da warin doki. Na ce ni ce, Inna, daga Gozaki. Ta riƙe hannuna. Kwana huɗu ta ƙara, kuma ni na ba ta ruwanta na ƙarshe.